Tambaya da Amsa: An yi min taransifa zuwa Abuja, wace unguwa ce daidai aljihuna?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah shawara nake nema. Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, an yi min taransifa daga Kano zuwa Abuja kuma ofishinmu a Sakatariya yake. Ina da mata ɗaya da yara uku, abin da na iya tarawa na haya bai wuce dubu 800 ba. Wasu sun ce in nufi Mararaba, wasu Suleja, wani abokina kuma ya ce Bwari akwai araha, amma uwargida ta ji labarin masu garkuwa da mutane ta ce ita sam ba za ta zauna can ba. Ina zan samu wurin da kuɗina zai kai kuma in yi barci da ido biyu rufe? Daga mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wannan canjin alheri ne. Toh, ka cire unguwannin cikin gari masu tsada irin su Wuse da Garki da Gwarinpa daga lissafi tun yanzu kar ka wahalar da kanka, maganarmu a kan garuruwan gefe take, kuma a nan abin da ke kayar da mutane shi ne kallon kuɗin haya shi kaɗai. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zama haya ta biyu da mutum yake biya kullum ba tare da rasit ba. Ɗauki biro ka gwada: in gidan da ya fi araha zai ƙara maka naira 1,500 a kuɗin zuwa da dawowa, kwana 22 na aiki a wata, a shekara ka kashe dubu 396, kusan rabin abin da ka tara kenan, balle a zo ga kai yara makaranta da fitar uwargida asibiti ko kasuwa. Don haka duk gidan da dillali ya nuna maka, kafin ka tambayi nawa ne, ka fara tambayar mota nawa zan hau daga nan zuwa Sakatariya.

Mararaba da Masaka jihar Nasarawa ne, akwai gidaje da yawa da kasuwa da ƴan'uwanmu Hausawa birjik, sai dai hanyar Keffi da ta bi ta Nyanya zuwa mahaɗar AYA da ke bakin shiga cikin Abuja ita ce kusan kowa ke bi, cunkoson safe da na yamma ba wasa ba ne, mutane da yawa sallar asuba kawai suke yi su fita, su dawo yara sun yi barci. In ka san jikinka zai ɗauka, to. Suleja da Madalla kuma jihar Neja ne, Suleja tsohon garin sarauta ne na mutanen Zazzau, uwargida ba za ta ji baƙunta ba, ga Islamiyya ga cefane da sauƙi, amma da nisa, kullum sai ka ratso Zuba da Dei-Dei da Kubwa.

Ni dai da za ka bi tawa, ɓangaren Kubwa da Dutsen Alhaji za ka fara dubawa, sannan Karu da Jikwoyi. Titin Kubwa babba ne mai faɗi, motocin haya ba sa yankewa, ga kuma jirgin ƙasa na cikin gari da aka dawo da shi aiki a 2024 yana da tasha a Kubwa. Ƙila kuɗinka ya kai ka ga ɗaki ɗaya da falo maimakon ɗaki biyu, ku yi haƙuri da shi na shekara guda, ka san gari tukuna sannan ka zaɓa da idonka.

Maganar uwargida kuwa tana da hujja, kar ka ce tsoro ne irin na mata. A farkon 2024 an shiga gidaje a yankin Bwari an kwashi mutane, kuma kowa ya tuna harin gidan yarin Kuje na watan Yulin 2022. Amma fa sunan gari kaɗai ba ya gaya maka komai, a gari ɗaya akwai layin da ke tsakiyar jama'a akwai kuma sabbin gine-gine na can ƙarshe da suka jingina da daji ko dutse, kuma galibi irin waɗannan na ƙarshen ake kai wa hari, su ne kuma dillalai ke kawo wa baƙo saboda sabo ne fes ga tayil ga araha. Wallahi gara tsohon gida a cikin mutane da wannan. Ka je unguwar bayan sallar isha'i ka ga ko akwai motsi, ko shaguna a buɗe suke, ko layin na da ƙofa da ƴan sintiri. Ka yi sallah a masallacin unguwa ka tsaya ku gaisa da liman da dattawa, ka sayi abu wurin mai shago ko mai shayi ka ja shi da hira, su ba su da kamasho a kanka, za su gaya maka yaushe aka yi sata ta ƙarshe da kuma dalilin da wanda ya bar gidan ya tashi.

Sai ruwa, kuma iri biyu nake nufi. Na sha, ka tambaya akwai bohol a gidan ko kullum sai mai ruwa, domin iyali mai yara uku kurar ruwa ba ta kwana. Na sama kuma, in damina ce ka je bayan an tsuga ruwa, in rani ne ka duba gindin katanga ko akwai shatin da ambaliya ta bari. Rukunin gidajen Trademore da ke Lugbe katanga da geti duk yana da su, amma ruwa ya shanye shi a watan Yunin 2023, saboda haka kyan gini ba shi ne ba. Wuta ma ka nemi mai mita ta kati taka kai kaɗai, mitar haɗaka rigima ce da maƙwabta duk ƙarshen wata.

Wajen biya ka natsu sosai. Dubu 800 ɗin nan ba duka ne na haya ba, dillali zai karɓi nasa, yawanci kashi 10 cikin ɗari, a ce kuɗin lauya na yarjejeniya, wani mai gidan ya ƙara da kuɗin ajiya ko da za ka lalata wani abu, kaga gidan da za ka nema kar ya haura dubu 650 kenan in kana so ka tsira da na motar kwasar kaya. Kar ka tura wa kowa kuɗi daga Kano don ya turo maka hoto a WhatsApp, ka ga mai gidan ido da ido, maƙwabta su tabbatar maka shi ne, ka biya ta banki a rubuta maka rasit. In ka ga jan fenti na hukuma a katangar gidan ko na kusa da shi, alamar rusau ce, ka wuce kawai komai arharsa.

Kuma dan Allah kar ka taho da iyali a karon farko. Ka sauka wurin abokin nan naka na sati biyu ko uku, ka riƙa bin hanyoyin nan a lokacin tafiya aiki kana rubuta kuɗin mota da lokacin da ka ɓata, kana hawa a tasha, ban da motar da ta tsaya maka a bakin titi saboda ƴan wan cans, wato ɓarayin da ke ɗaukar fasinja kamar motar haya su yi masa fashi. In ka tace ya rage gida biyu, sai ka ɗauko uwargida ta zo ta gani, tunda ita za ta wuni a unguwar da yara.