Wanda ya ɗashe ba a kafa masa ƙaho

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa na mayar da mutumin nan na jiya, alhali da kuɗinsa ya zo, kuma ranar 17 ga wata ce, ɗaya daga ranakun ƙaho tare da 19 da 21. Ka ji na ce ya ɗashe, kai kuwa ka ce baƙin mutum ka gani wuluk, ina farin yake?

To, ɗashewa ba farar fata ba ce. Mutum yana iya zama baƙi kamar gindin tukunya ya ɗashe, wani kuma ga shi fari sol amma jini ya cika shi. Idan an ce fuska ta ɗashe, ana nufin jan nan da ke ƙarƙashin fata, wanda ke sa ta sheƙi, ya janye, ta koma kamar an barbaɗa mata toka. Shi ya sa kake jin kalmar tare da 'yar'uwarta: ya rame ya ɗashe. Ba a yabo da ita. Ka ce wa amarya ta yi haske, za a yi maka murmushi. Ka ce ta ɗashe, uwarta za ta kwana ba barci. Kuma ka riƙa fitar da ɗ ɗin nan sosai, don dashe na masu lambu ne, na tumatir da albasa.

Mutane kan haɗa ta da koɗewa. Koɗewa ta tufa ce, rigar da rana da wanki suka cinye launinta, je ka tambayi marinan Ƙofar Mata. Akan ara ta a ce mutum ya koɗe idan wahala ta cinye shi, amma wannan zancen talauci ne, ba na jini ba. Furu-furun hunturu kuwa, man kaɗanya ya ishe shi.

A aikinmu na wanzanci fuska ishara ce kawai, ba a tsayawa a kanta, balle yanzu da man bilicin ya rikita fatar mutane. Ka tuna abin da na yi jiya. Na sa ɗan yatsa na ja fatar idonsa ta ƙasa. A mai lafiya wurin ja ne jawur, nasa kuwa fari fat kamar takarda. Na ce ya buɗe tafin hannu, layukan da ya kamata su yi duhu duk sun dusashe. Na danna farcensa na saki, jan bai dawo da wuri ba. Na duba harshe da dasashi. Sannan na tambaye shi ko yana haki idan ya yi 'yar tafiya, ya ce ko zuwa masallaci sai ya huta a hanya, ga jiri, ga bugun zuciya.

Abin tausayin shi ne, ciwon kai da nauyin jikin da suka kawo shi wurinmu, ya ɗauka mataccen jini ne ya taru masa. Alhali jinin ne ya yi ƙaranci. Da na tsaga bayansa na zuƙa, da na ƙara masa ciwo da hannuna. Zazzaɓin cizon sauro yana kawo haka, da tsutsar ciki, da tsargiya ga masu shiga rafi, da basir mai zubar da jini, da sikila. Ga mata kuma akwai ciki da jego. Ba ɗaya cikinsu da askarmu ke magani, shi ya sa na ce ya tafi asibiti a auna jininsa. Idan kuma ka ga farin ido ya koma ruwan ɗorawa, wannan shawara ce, kada ka ce ɗashewa, amma shi ma asibitin za ka nuna masa.

Akwai wata ɗashewar da za ka gamu da ita, ta farat ɗaya. Mutum lafiyarsa ƙalau, ka kafa ƙaho, yana ganin jini sai leɓensa ya yi fari, gumi ya tsattsafo a goshi, ya fara hamma. Galibi wanda ya zo bai karya ba ne, ko matsoraci mai ƙarfin hali. Kada ka jira ya ce wani abu. Cire ƙahon, danne tsagar da auduga mai tsabta, kwantar da shi ka ɗaga ƙafafunsa a kan zabira, jakar kayan aikinmu. Sai ya dawo hayyacinsa sosai za ka ba shi ruwa. Shi ya sa nake hana ka zuba ido a kan ƙaho kaɗai: in kana bayansa, riƙa leƙo fuskarsa kana jan shi da hira.