Nukiliyar Makamai da Nukiliyas na Jikin Mutum: Shin Abu Ɗaya Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kullum ina jin labarin makaman nukiliya a rediyo, sai ga ɗana ya dawo daga makaranta yana cewa akwai nukiliyas a cikin ƙwayoyin halittar jikinmu. Shin abu ɗaya ne, kuma akwai haɗari? Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Hajiya, ki kwantar da hankalinki, suna ne kawai ya zo ɗaya. Kalmar daga harshen Latin take, ma'anarta ƙwayar da ke cikin ɓawo, shi ya sa masana kimiyya suke laƙaba ta ga duk wani dunƙule da ke tsakiyar abu. Har masu ilimin taurari ma haka suke kiran curin ƙanƙara da ƙurar da ke kan tauraruwa mai wutsiya.

Wanda aka koya wa ɗanki ya riga na makamai samun sunan. A shekarar 1831 masanin tsirrai Robert Brown yana duba tsiro da madubin ƙara girma, sai ya lura da wani ɗigo a cikin kowace ƙwayar halitta. Yau an san cewa nan ne ma'ajiyar gado, kuma a jikin mutum nan ne kuromosom 46 suke, wato zaruruwan da ke ɗauke da halayen gado, rabi daga uwa, rabi daga uba.

Na makamai kuwa yana cikin ƙwayar zarra ne, wato ɗan mitsitsin tubalin da aka gina kowane abu da shi, kuma labarin gano shi ya cancanci a tsaya a kansa. A ɗakin binciken masanin kimiyya Ernest Rutherford da ke Ingila an riƙa harba wasu ƙwayoyi masu cajin lantarki kan fallen zinare siriri ƙwarai. Kusan dukkansu suka ratsa suka wuce, amma 'yan ƙalilan suka dawo baya kamar sun daki bango. Daga nan ya fahimci, a 1911, cewa zarra kusan fanko ce, kuma fiye da kashi 99 cikin 100 na nauyinta ya taru a wani ɗan mitsitsin wuri a tsakiya. A 1938 masana kimiyya Otto Hahn da Fritz Strassmann suka tsaga tsakiyar zarrar yuraniyam, wani ma'adini mai nauyi, a Jamus, kuma ƙarfin wannan tsagewa ne ya hallaka birnin Hiroshima na Japan a 1945, shi ne kuma yake ba da wuta a tashoshin lantarki na nukiliya.

Gaskiya ne nukiliyas na jikinmu shi ma da zarra aka gina shi, amma zarrar kabon da oksijin da haidirojin ba ta tsagewa irin ta yuraniyam.