Ƙungiyoyin farar hula da gwamnati bayan korona

Malam, ka tambaya ko korona ta kusanto da ƙungiyoyin farar hula da gwamnati a Kano. A ganina ta kusanto da su wajen aiki, amma yarda ba ta ƙaru ba.

Lokacin kullen Afrilun 2020, sanda maƙabartu suka yi ta karɓar gawa babu gamsasshen bayani, ƙungiyoyin unguwanni da na masallatai ne suka san gidan da tukunya ba ta hau murhu ba. Gwamnati ta buƙace su wajen wayar da kai, daga baya kuma wajen rigakafi, tunda Bakano ya fi jin maganar limaminsa da mai unguwarsa. Amma da zarar ƙungiya ta tambayi ina kayan tallafi suka shiga, sai fuska ta sauya.

Sannan a watan Agustan 2020 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar kamfanoni da ƙungiyoyi, wato CAMA, wadda sashe na 839 nata ya ba hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, wato CAC, ikon dakatar da amintattun ƙungiya ta naɗa masu riƙo. Ƙungiyoyi da dama sun yi ƙorafi. Ƙanana na cikin unguwanni, waɗanda yawancinsu ko rajista ba su da ita, har yanzu sai in za a yi gangami ake tuna su.