Wata Takwas da Musuluntata, Kowa Na Gyara Mini Salla: Wa Zan Bi?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Wata takwas ke nan da na karɓi Musulunci a Kaduna. Malamin da ya laƙƙana mini kalmar shahada ya koya mini salla da sakin hannu da sallama ɗaya. A masallacin wurin aikinmu wani ya tare ni bayan Azahar ya ce wannan ba sallar Annabi ba ce, sai na kama hannu. Da na fara kamawa, a unguwa aka ce na zama ɗan Izala. Ina da aboki da ya riga ni musulunta da shekara biyu, yanzu ya daina bin limamin unguwarmu wai don yana zuwa maulidi, ya kuma ce in canja sunana, in daina zuwa gidan mahaifiyata tunda Kirista ce. Ni kaina na fara tsayawa a sahu ina ƙirga kurakuran mutane. Wa ke da gaskiya? Kuma sallolina na baya sun yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya tabbatar da dugaduganmu da naka, ɗan'uwa.

Sallolinka na baya sun yi, babu ko ɗaya da za ka rama saboda ka saki hannu ko ka kama. A mazhabobin nan huɗu, na Abu Hanifa da Malik da Shafi'i da Ahmad ɗan Hanbal, babu wadda ta sa ɗora hannu cikin farillan salla. Abin da za ka tsare shi ne tsarki da shigar lokaci da fuskantar alƙibla da rufe al'aura, sannan a cikin sallar, a bisa Malikiyyar da aka koya maka, niyya, kabbarar harama, Fatiha, ruku'u da ɗagowa, sujada da ɗagowa, natsuwa, jerantawa, da sallama. Wanda ya cika waɗannan ya yi salla.

Ga asalin rigimar hannun, don ka daina jin tsoronta. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik da kansa ya kawo hadisin Sahlu ɗan Sa'ad cewa ana umartar mutane su ɗora hannun dama a kan na hagu a cikin salla. A cikin Mudawwana kuma, almajirinsa Ibnul Ƙasim ya ruwaito daga gare shi cewa bai so yin haka a farilla ba, sai a nafila idan tsayuwa ta yi tsawo. Malikawan Magrib, wato Arewacin Afirka, da na ƙasashenmu suka riƙe ruwayar Ibnul Ƙasim, shi ya sa kakanni suka taso da sakin hannu, wanda malamai ke kira sadlu. Wasu almajiran Malik na Madina sun ruwaito kamawa, wato ƙablu, kuma babban malamin Malikiyya na Andalus, Ibnu Abdil Barri, ita ya rinjayar. Ka ga duka biyun 'yan gida ɗaya ne. A ganina dalilin kamawa ya fi fitowa fili, kuma shi mafi yawan malamai suka bi, amma wanda ya ce sallar mai sakin hannu ta ɓaci ya faɗi abin da babu limamin da ya faɗa. Batun cewa kama hannu alamar Izala ce kuwa, ƙungiyar an kafa ta a Jos a 1978, ita kuma mas'alar ta haura shekara dubu ana tattauna ta. Akwai 'yan Tijjaniyya masu yawa, musamman almajiran Shehu Ibrahim Inyass, da suke kama hannu.

Kada ka ɗauka a nan abin zai tsaya. Za ka ji limamin da ya fara Fatiha ba tare da Bisimilla ba, wannan Malikiyya ce a farilla. Wani zai karanta ta a bayyane kamar Shafi'awa. Wani a ɓoye kamar Hanafawa da Hanbalawa. A Asuba wani zai yi shiru kaɗan kafin ruku'un raka'a ta biyu yana alƙunutu a asirce, wani zai yi shi da ƙarfi bayan ruku'u, wani ba zai yi ba sam. Taɓa mace yana karya alwala kai tsaye wajen Shafi'i, ba ya karyawa wajen Abu Hanifa, wajen Malik sai an nufi jin daɗi ko an same shi. Sallama ɗaya ta wadatar wajen Malik da Shafi'i. Ranar da Allah ya kai ka Makka za ka ga dukkan wannan a sahu ɗaya, bayan liman ɗaya, ba wanda ya fita.

Abin da ke ruɗa sabon shiga shi ne yana jin kowace magana da nauyi ɗaya, alhali ba haka suke ba. Akwai abin da Musulmi ba su taɓa saɓawa a kansa ba: Allah ɗaya ne, Muhammadu (SAW) shi ne cikamakin annabawa, salloli biyar, azumin Ramadan, zakka, hajji ga mai iko, haramcin giya da zina da naman alade da riba da kisan kai. A nan ba a cewa "ra'ayina". Sai kuma mas'alolin da nassi ya ɗauki fahimta fiye da ɗaya, ko hadisai suka zo da siffa biyu, irin waɗanda na lissafa. Sai na uku, wanda ya fi kowanne yi wa sababbin Musulmi nauyi, wato al'adar mutane da aka yi wa rawanin addini: dole ka sa kaftani da hula, dole ka koma magana da Hausa, dole ka bar abincin garinku. Wannan ba ya cikin addini ko kaɗan. Bajju ko Ngas ko Ibo da ya musulunta yana nan a ƙabilarsa, kamar yadda Salmanu ya zauna Bafarise, Bilal ya zauna Bahabashe.

Saɓani a kan kashi na biyun nan tun Annabi (SAW) yana raye aka fara shi. Bayan yaƙin Handaƙ, a shekara ta 5 bayan hijira, ya ce kada wani ya yi La'asar sai a Banu Ƙuraiza. Lokaci ya riski sahabbai a hanya. Wasu suka ce nufinsa a yi sauri, suka tsaya suka yi salla. Wasu suka riƙe lafazin, ba su yi ba sai da suka isa. Da aka ba shi labari bai zargi ko ɗaya daga cikinsu ba. Daga irin wannan malamai suka fitar da ƙa'idar da Suyuɗi ya rubuta, shi ne malamin Masar ɗin nan da ya taɓa aiko wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha: ba a yin inkari a kan abin da aka yi saɓani, ana yi ne a kan abin da aka haɗu a kansa. Sai dai ka kiyaye, ba kowane saɓani ne ake ƙirgawa ba. Wanda ya zo ya ce salla uku ce, ko an yi wani annabi bayan Muhammadu, ba a ce masa "kowa da fahimtarsa". Saɓanin da ake girmamawa shi ne na malaman da suka cancanci ijtihadi, kowa da dalilinsa.

To yaya za ka yi a aikace? Ka riƙe malami ɗaya a fiƙihun ibada na tsawon aƙalla shekara guda, ka bi littafi ɗaya daga bango zuwa bango. A ƙasarmu mafi sauƙin samu shi ne Ahalari, sannan Ishmawi, daga baya Risala. Minti ashirin kullum bayan Magariba ko Asuba ya isa, tare da gyaran Fatiha da gajerun surori baki da baki, don karatu ba a ɗaukarsa daga waya kaɗai. Ba wai don sauran malamai sun ɓace ba. Dalili shi ne kowace mazhaba gini ce da sassanta suka riƙe juna, wanda ya tsinci alwala daga wannan bidiyo, ƙabli da ba'adi, wato sujadar gyaran mantuwa, daga wancan, yakan ƙare da waswasi: ya sake kabbara sau uku, ya maimaita alwala har jam'i ya wuce shi. Daga nan salla ta zama wahala, wasu har su fara jinkirta ta. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Wajen zaɓen malami, duba abu biyu. Idan ka tambaye shi mas'alar saɓani, yana iya faɗin dalilin ɗaya ɓangaren yadda masu shi za su yarda ya yi musu adalci? Kuma yana iya cewa "ban sani ba, bari in duba"? Wanda rabin karatunsa zagin wasu malamai ne, ko daga wane ɓangare yake, ka nemi wani.

Idan wani ya tare ka da gyara, kada ka yi musu, kada kuma ka canja nan take. Ka gode masa, ka tambaye shi: abin nan farilla ne ko sunna? Malamai sun haɗu a kai ko sun saɓa? Idan na bari sallata ta ɓaci? Mafi yawan masu gyara a bakin masallaci a tambaya ta biyu suke tsayawa. Ka kai maganar wurin malaminka. Idan ta tabbata kuskure ne na gaske, misali kana ɗagowa daga ruku'u ba ka daidaita ba ka faɗa sujada, ka gyara a ranar, ka kuma yi wa mutumin addu'a. Game da hannu, ka zauna da malaminka sau ɗaya, ka zaɓi wanda zuciyarka ta natsu da dalilinsa, ka tsaya a kai a unguwa da wurin aiki. Canjawa daga masallaci zuwa masallaci don gudun bakin mutane shi ne abin da ya fi kamata ka ji wa tsoro, domin nan ne niyya take gurɓata.

Abokinka kuma, kada ka yanke masa hukunci kamar yadda yake yanke wa wasu. Wanda ya rasa dangi ko aiki saboda addini yakan riƙe abin da ya samu da ƙarfi, kuma wanda ya san magana ɗaya tak a mas'ala, duk mai yin wani abu daban a wurinsa mai saɓo ne. Ilimi ne ke sassauta wannan. Amma ka gaya masa cewa barin jam'i saboda liman yana maulidi ba shi da madafa. Maulidi mas'ala ce da manya suka saɓa: Ibnu Hajar da Suyuɗi sun halatta shi da sharuɗɗa, Fakihani da Shaɗibi, dukansu Malikawa, sun ƙi shi. Ba a wajabta maka zuwa ba, ba a kuma ba ka izinin kafirta mai zuwa ba. Muhtasar Halil, littafin fiƙihun Malikiyya, ya faɗa ƙarara cewa ya halatta a bi limamin da aka saɓa da shi a rassan fiƙihu. Ahmad ɗan Hanbal yana ganin fitar jini mai yawa tana karya alwala, amma da aka tambaye shi ko zai bi limamin da jini ya fito masa bai sake alwala ba, sai ya ce yaya ba zai yi salla bayan Malik da Sa'idu ɗan Musayyib ba? Abdullahi ɗan Mas'ud bai yarda da cika salla raka'a huɗu a Mina lokacin hajji ba, amma ya bi Usmanu ya cika, ya ce saɓani sharri ne. Kalmar "kafiri" kuwa, Annabi (SAW) ya ce idan mutum ya jefi ɗan'uwansa da ita, sai ta koma kan ɗayansu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma ya yi fama da ɗaliban zamaninsa da suke kafirta talakawa don ba su iya kawo hujjojin ilimin tauhidi ba, ya yi rubutu yana kwaɓarsu.

Ƙirga kurakuran mutane a sahu da ka ce ka fara, ka yi maganinsa da wuri. Idonka a wurin sujadarka. Har ka kammala littafin farko, kada ka gyara wa kowa salla sai abin da ka tabbata yana ɓata ta, shi ma a keɓe, da sigar tambaya.

Bari in juya kaɗan ga waɗanda aka haifa cikin Musulunci, don su ne rabin matsalar. Mu'awiya ɗan Hakam yana sabon musulunta ya ce wa wanda ya yi atishawa "yarhamukallah" a cikin salla, mutane suka zuba masa ido suna bugun cinyoyinsu. Bayan sallama Annabi (SAW) ya yi masa bayani, shi kuma ya ce bai taɓa ganin malami mai kyawun koyarwa kamarsa ba, bai hantare shi ba, bai zage shi ba. Da Annabi (SAW) ya aiki Mu'azu Yaman, cewa ya yi ya fara da shahada, in sun karɓa sai salla, in sun karɓa sai zakka. Mu kuwa mutum bai gama haddace tahiya ba mun tambaye shi ɗan wace ƙungiya ne. Kuma a daina kiran mutum "tubabbe" bayan shekara goma yana salla tare da mu.

Sunanka ba dole ka canja shi ba, sai idan ma'anarsa bauta ce ga wanin Allah ko wata ma'ana mummuna; irin wannan ne Annabi ya canja, kamar na Abdurrahman ɗan Aufu. Sunan mahaifinka kuwa ka bar shi, aya ta 5 a Suratul Ahzab ta ce a kira mutane da sunan ubanninsu. Idan kana son ƙarin sunan Musulunci ka ɗauka, ba sai ka taɓa takardun makaranta da katin ɗan ƙasa ba.

Mahaifiyarka, a nan abokinka ya yi kuskure bayyananne, ba saɓani ba ne. Aya ta 15 a Suratu Luƙman ta ce ko iyaye sun matsa maka ka yi shirka kada ka bi su, amma ka zauna da su a duniya da kyautatawa. Asma'u 'yar Abubakar ta tambayi Annabi (SAW) game da mahaifiyarta da ta zo mata tana mushirika, ya ce ta sadar da zumuncinta. Ka je gidanta, ka gaishe ta yadda ka saba, ka ba ta kuɗin cefane, ka kai ta asibiti in ba ta da lafiya. Ka ci abincinta in babu alade ko giya a ciki, yankan Ahlul Kitabi kuma, wato Yahudawa da Kiristoci, aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta shi. Idan lokacin salla ya same ka a can, ka nemi wuri mai tsabta a ɗakinta ka shimfiɗa dardumarka, ka gaya mata minti biyar ne za ka dawo ku ci gaba da hira.