Laftof Uku ko Firinta Mai Kyau? Amsa ga Mai Son Buɗe wa Ƙanensa Shagon Kwamfuta

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina da shagon kayan masarufi a Ƙofar Ƙaura, nan cikin Katsina. Ƙanena ya gama difloma a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, har yanzu yana zaune ba aikin yi. Na ware naira miliyan biyu zan buɗe masa shagon buga takardu da fotokwafi kusa da makaranta. Wani mai sayar da kwamfuta ya kawo mini laftof uku na hannu, ya ce duk Core i7 ne, in na haɗa su zai yi mini ragi, amma kuɗinsu zai cinye fiye da rabin jarin. Ni ban san kan kwamfuta ba. In saya, ko in haƙura in sayi sabuwa guda ɗaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Amsata a taƙaice ita ce kada ka sayi laftof ukun nan, kuma kada ka zuba kuɗin a kan sabuwa dal a kwali. A irin wannan shago ba kwamfuta ce ke kawo kuɗi ba. Ɗalibi ba ya biya don ya ga laftof a kan tebur. Yana biya ne a kan takardar da ta fito daga firinta, a lokacin da yake buƙatarta, ko da an ɗauke wuta. To firinta da wuta su ne kan gaba, kwamfuta ta biyo baya. Mutum ɗaya ne zai zauna a shagon, hannu biyu gare shi. Me zai yi da laftof uku?

Amma tunda a kan Core i7 aka so a ci ka da baki, bari mu fara daga nan.

Core i3, i5 da i7 sunayen aji ne na furosesa, wato ɓangaren da ke yin lissafin kwamfuta, ƙirar kamfanin Intel. Sunan ajin shi kaɗai ba ya nuna shekarun abin. Kai da kanka ba za ka sayi mota don kawai an ce maka Toyota ce ba, sai ka tambayi modal. Haka nan ma. Bayan sunan akwai lamba, kuma lambar farko ita ce zubin, abin da masu shago ke kira jenareshan. I7-4600U zubi na huɗu ne, ya fito a 2013, ƙwayoyin aiki biyu gare shi. I5-8250U zubi na takwas ne, na 2017, ƙwayoyinsa huɗu, kuma ya fi wancan sauri nesa ba kusa ba, duk da sunansa i5. In lambar ta fara da 10, 11, 12 ko 13, to lambobi biyun farko su ne zubin. Na fi zaton laftof ɗin da aka kawo maka tsofaffin zubi ne, shi ya sa mai su yake ta nanata i7 bai ambaci lambar ba.

Akwai dalili na biyu da ya sa zubi na takwas ya zama iyaka. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuma Windows 11 a ƙa'ida daga zubi na takwas zuwa sama take karɓa. Masu gyara suna da dabarar cusa ta a tsohuwar kwamfuta, saboda haka ganin Windows 11 a fuskar laftof ba hujja ba ce. Lambar za a duba.

Ga yadda ake dubawa, kuma ƙanenka zai iya a gaban mai kayan. A kunna laftof ɗin, a danna Ctrl da Shift da Esc tare. Wani allo zai buɗe, a shiga inda aka rubuta Performance. A nan za a ga cikakken sunan furosesa, da yawan RAM, da irin ma'ajiyar da ke ciki, SSD ce ko HDD. Kada a yarda da sitikar da ke manne kusa da madannai. Sitika kowa na iya liƙa ta.

RAM ita ce ke riƙe ayyukan da aka buɗe a lokaci ɗaya. Kada ta gaza GB 8. In yaron zai riƙa zana katin ɗaurin aure da fastoci da CorelDraw ko Photoshop, GB 16 ta fi, kuma a tambaya ko ana iya ƙara ta daga baya, don a wasu laftof an liƙe ta ne da dalma. Ma'ajiya kuwa SSD za a nema, wato mai sauri wadda ba faifai a cikinta, ko da GB 256 ce. Za a ce maka ga wata mai GB 500 ko 1,000 a farashi ɗaya, amma HDD ce, faifai ne ke juyawa a ciki, tana da nawa wajen tashi kuma faɗuwa ɗaya na iya kashe ta. Takardun rubutu ba su da nauyi; shekara zai yi yana buga furojet ɗin ɗalibai bai cika 256 ba.

Game da sabuwa da ta hannu, ni dai na fi natsuwa da ta hannu mai kyau daga layin da ake ƙera wa ma'aikatu: Dell Latitude, HP EliteBook ko ProBook, da Lenovo ThinkPad. Jikinsu ya fi ƙwari, kuma kayan gyaransu suna samuwa, in ba a samu a Katsina ba a samu a Kano, wajen Beirut Road. Sabuwar da ake samu da araha yawanci Celeron ce, wato ƙaramin ajin furosesar Intel, mai RAM GB 4 da 'yar mitsitsiyar ma'ajiya, kwalinta ne kawai ke da kyau. Araha ba ta ado.

Sai dai ta hannu tana son gwaji, kuma gwajin ba na tsaye ba ne. A nemi kujera a zauna. A buɗe shafin rubutu a danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya. A cika fuskar da farin shafi a duba ko akwai ɗigo ko layi. A soka filashi a kowace kafa. A buɗe murfin a rufe a ji ko maƙalin yana ƙara. A cire caja a bar ta tana aiki kamar rabin awa, a ga yadda batir ke sauka, a kuma sa tafin hannu a ƙarƙashinta a ji zafi. Windows tana da umarnin da ake rubutawa, powercfg /batteryreport, wanda ke fito da ƙarfin batir na asali da abin da ya rage masa yanzu. In mai kaya ya fara tsaki yana duba agogo, to ku tashi. A kuma tabbatar ba a kulle BIOS, wato saitin farko da kwamfuta ke tashi da shi, da kalmar sirri ba, a karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin laftof ɗin da yarjejeniyar kwanakin da za a iya mayarwa. Rasit ɗin nan shi ne zai tsaya maka ranar da wani ya zo ya ce kayansa ne aka sace.

Laftof ɗaya ta isa a fara. A haɗa mata madannai da linzami (maus) na waje, don aikin buga rubutu yana cinye madannai, kuma canza na waje ya fi sauƙi da araha. Kwamfutar tebur ta fi arahar gyara kuma ba ta da saurin sacewa, amma da an ɗauke wuta take mutuwa da aikin mutane a ciki, sai an saya mata UPS, wato akwatin batir da ke riƙe ta na ɗan lokaci. Ita laftof da batirinta take zuwa.

Yanzu ga inda kuɗin yake. Firinta iri uku ce a kasuwa. Akwai mai katirij na tawada, wadda ta fi kowace araha ranar saye, ta fi kowace tsada bayan nan, don katirij ɗin ba ya jimawa. Wannan a bar wa mai bugun shafi biyu a mako a gida. Akwai mai tankin tawada, irin su Epson EcoTank da Canon jerin G, wadda ake ɗura wa tawada daga kwalba. Ita ce ta dace da aikin kala, hoton fasfo da kati. Sannan akwai ta lesa mai aiki da garin tona, wadda ita ce gwanar aikin baƙi da fari: tana da sauri, rubutunta ba ya zuba in ruwa ya taɓa shi. Shagon da ke kusa da makaranta yawancin cinikinsa baƙi da fari ne, don haka ta lesa ce farko.

Kada farashin firinta ya ruɗe ka, Alhaji. Lissafin da za ka yi irin wanda ka saba ne a shagonka in ka fasa katan: nawa kowane shafi ya tsaya? Rim ɗin takarda shafi 500 ne, ka raba kuɗinsa gida 500. Ka raba kuɗin tona da yawan shafin da yake bugawa. Misali, kamfanin HP ya ce tona mai lamba 85A yana buga shafi 1,600, Epson kuma ya ce kwalbar baƙar tawada mai lamba 003 tana kai 4,500. Amma a kan shafi mai rubutu kaɗan suke wannan ƙidaya, ba shafin da ɗalibi ya cika maƙil da rubutu da zane ba, saboda haka ka rage wani abu a lissafinka. Ka ɗora kuɗin mai, da na takardun da za su lalace, da na gyara. Abin da ya fito shi za ka gwada da farashin da maƙwabtan shagon ke karɓa. In tazarar ba ta da yawa, wata firintar za a nema, ba rage wa ɗalibai inganci ba. Kafin a biya kuma a tambaya: tonarta ana samu a Katsina? Ana iya sake ɗura ta? Wasu sababbin firintoci suna da ɗan guntun cif da ke ƙin karɓar tonar da ba ta kamfaninsu ba, kuma wannan kaɗai na iya cinye ribar.

Babban injin fotokwafi na hannu kuwa, shawarata a dakata da shi tukuna. Akwai firintar lesa mai haɗe da fotokwafi da sikana, ta isa a fara. In ciniki ya buɗe har layi ya fara taruwa, sai a nemi babba. Ranar da za a saye shi, a fara nemo makanikensa kafin a nemo injin, a je tare, ya duba mitar da ke nuna yawan shafin da ya taɓa bugawa, ya duba duram, wato sandar da ke ɗora tona a kan takarda.

Sai wuta. Wutar KEDCO ba abin da za a jingina shago a kai ba ce, fetur kuma tun cire tallafi a 2023 ya zama abin lissafi da cokali. A nan ma sanin kayan yana tsimin kuɗi. Cajar laftof watt 45 ce ko 65. Firintar tanki ba ta kai watt 20 ba tana cikin aiki. Waɗannan biyun ƙaramar sola da inbata za su riƙe su yini guda. Ta lesa fa? Da zafi take manna tona a jikin takarda, don haka tana jan ɗaruruwan watt lokacin da take ɗumama, babban fotokwafi kuwa yana haura dubu. Ɗan ƙaramin janareton nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai ba zai ɗauke shi ba, ƙaramar inbata ma kuka za ta yi ta mutu. A juya bayan kowane inji a karanta watt ɗin da aka rubuta, a tara, sannan a sayi janareto ko inbata da ya haura jimillar. A sa stabilaiza tsakanin bango da firinta.

Kada a manta da ƙurar hunturu da zafin bazara na garin nan. Ƙura tana toshe fankar laftof har ta riƙa kashe kanta, tawada kuma tana bushewa a bakin firintar tanki in an bar ta kwanaki ba bugu. Ƙyallen rufi, da bugun shafin kala ɗaya duk 'yan kwanaki, da kai laftof a hure mata ƙura bayan hunturu, sun isa.

In da ni ne, kwamfuta ba za ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na jarin ba. Firintoci da wuta su ɗauki kaso mafi girma. Sai kuɗin haya, tebur da benci, injin laminatin da na ɗinke furojet, waɗanda ba su da tsada amma ribarsu tana da kauri. Abin da ya rage a ajiye shi, kuɗin takarda da tona da mai na kamar wata uku. Cinikin bakin makaranta yana bin kalandar makaranta ne: lokacin rajista da furojet ba ka da wurin tsayawa, da an tafi hutu ko yajin aiki sai ka ji shiru kamar an yi shara. Shi ya sa wurin da ya haɗa ɗalibai da ma'aikata ko kotu ya fi wanda ya dogara da ƙofar makaranta kaɗai. Kuma in an ce maka zai riƙa yi wa yara rajistar JAMB, kada ka sa wannan a lissafi. Cibiyoyin da hukumar ta tantance ne kaɗai ke da izinin yi. Abin da zai samu shi ne buga silif da sakamako.

Abu na ƙarshe ya shafe ku ku biyu. Tun kafin a buɗe, ku zauna a gaban wani babba a gida a faɗi matsayin kuɗin nan: kyauta ce, bashi ne, ko haɗin gwiwa da rabon riba? A rubuta. Sannan firintocin nan suna ƙidaya shafin da suka buga, kuma ana iya fitar da adadin a takarda. Duk ranar Alhamis da yamma ya fito da shi, ku gwada da littafin ciniki da rim ɗin da aka fasa. Ba don zargi ba. Ta nan ne za ku gane shafi nawa ke tafiya a bugun abokai da 'yan'uwa da “zan kawo gobe”, kuma ta nan za ku san lokacin da shagon ya isa a ƙara masa laftof ta biyu.