Kwamfuta mai tsada ko kwas ɗin Oracle, wanne zan fara?

Wani ɗalibi daga jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya turo tambaya, ya ce ya tara jika ɗari biyu, yana son ya koyi aikin rumbun bayanai don ya samu aiki a banki ko kamfanin salula, to ya sayi babbar kwamfuta ne ko ya biya kwas ɗin Oracle, wato manhajar sarrafa rumbun bayanai da manyan kamfanoni ke amfani da ita?

Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna. Wannan karatun ba ya cin inji, tsohuwar kwamfuta ta hannu mai RAM giga 8 da SSD (ma'ajiya mai sauri) ta wadatar, batir kawai za ka duba da kyau saboda ka san yadda wuta take yi mana lokacin zafi. Akwai wasu manhajojin rumbun bayanai irin Oracle: PostgreSQL kyauta ne, MySQL ma akwai na kyauta, SQLite kuwa yana cikin wayar Android da ke aljihunka yanzu haka. Yaren SQL, wanda da shi ake yi wa rumbun bayanai tambaya, kusan ɗaya ne a dukansu, in ka iya umarninsa na SELECT da WHERE da JOIN da GROUP BY, ranar da aka zaunar da kai gaban Oracle ba za ka yi baƙunta ba.

Inda ake faɗuwa wajen tsara bayanan ne. Ka je babbar kasuwa ka roƙi wani ɗan uwanka mai shago ya ara maka littafin bashi, za ka ga mutum ɗaya an rubuta shi "Alhaji mai gyaɗa" a shafin farko, can gaba "Alh. na Tibiri", wani wurin kuma lambar waya kawai, to wa zai iya faɗin nawa ake binsa? Sai ka ware masu saye a teburinsu kowa da lambarsa da ba ta maimaituwa, kaya a nasu teburin, ciniki a na uku yana ɗauke da lambar mai saye da lambar kaya da kwanan wata. In Alhaji ya canza waya wuri ɗaya za ka gyara. Tunanin da Edgar Codd na kamfanin IBM ya kawo ke nan tun 1970, har yau a kansa ake. Kuma ka fara zanawa a takarda, zanen tsarin bayanan nan da ake kira MCD a dabarar Merise, da malamai ke matsa muku a kai kuna gunaguni, wallahi shi ne aikin.

Wata ƴar uwa mai aiki a kantin magani kuma ta ce ita Excel take amfani da shi, dole ne ta bari? A'a Hajiya, in ke kaɗai ke shigar da lissafi ki ci gaba abinki. Ranar da kuka zama ku uku kowa da nasa kwafi a kile USB, aka rasa wanne ne na gaskiya, ko kina neman maganin da zai lalace wata mai zuwa sai kin bi layi-layi da ido, ranar ki sake turo min saƙo mu zauna mu zana teburan.