Ciwon dunduniya da ke tashi da takun farko na safiya

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni malamar makaranta ce, shekaruna 47. Wata biyar ke nan ina fama da ciwo a ƙarƙashin dunduniyar ƙafata ta dama. Da safe idan na sauko daga gado na taka ƙasa, sai wurin ya soke ni har sai na dafa bango. Nakan yi ɗingishi na ɗan lokaci kafin ya sake ni, da yamma kuma bayan na wuni tsaye a aji sai ya dawo. An yi mini hoton ƙashi, aka ce wani ɗan ƙashi ne ya tsiro a wurin. Wasu sun ce in je a yi mini allura a dunduniyar, wasu kuma sun ce sai an yi tiyata an cire shi. Kusan kullum sai na sha maganin ciwon jiki. Mene ne abin yi?

Amsa: Sannu, Malama, Allah ya ba ki lafiya. Ban duba ƙafarki ba, amma yadda kika kwatanta ciwon ya yi daidai da ciwon tantanin tafin ƙafa, wanda likitoci ke kira filanta fashiyaitis. Shi ne ya fi kowace cuta kawo ciwon ƙasan dunduniya ga manya. Ana ƙiyasta cewa mutum 1 cikin 10 zai gamu da shi a rayuwarsa, kuma ya fi kama 'yan shekara 40 zuwa 60, musamman masu wuni a tsaye kan siminti ko tayil, da masu ƙiba, da masu gudu.

Bari in fara cire miki tsoron ƙashin nan, domin shi ne ya fi tayar wa mutane hankali. Tsiron da aka gani a hoto ba ya kallon ƙasa balle ya soki nama, gaba yake fuskanta, wajen yatsu. Mutane da yawa suna da shi ba su taɓa jin ciwo ba, wasu kuma ciwon na gallabarsu alhali hotonsu bai nuna komai ba. Waɗanda suka warke ma, idan aka sake musu hoto, tsiron na nan yadda yake. Don haka maganar tiyatar cire shi ki ajiye ta gefe.

Abin da ke ciwo wani tantani ne mai kauri da ƙarfi da ya taso daga ƙashin dunduniya, ya bi tafin ƙafa, ya bazu zuwa gindin yatsu. Ƙasusuwan ƙafa a lanƙwashe suke kamar baka, shi kuma tantanin nan shi ne tsirkiyar da ta ɗaure bakin biyu. Duk takun da kika yi, nauyinki yana danna ƙasusuwan, tantanin ya miƙe ya tare. Idan aikin da ake ɗora masa ya fi ƙarfin gyaran da jiki ke yi masa, sai zaren cikinsa su fara lalacewa daidai inda ya manne da ƙashin dunduniya, ta ɓangaren ciki. Sa babban yatsanki ki danna wurin, za ki samu wani ɗan gurbi guda da ya fi ko'ina zafi. Da aka duba irin wannan nama a madubin ƙara girma, an tarar lalacewar zare ta fi kumburi yawa, shi ya sa magungunan kumburi ke rage zafin amma ba sa raba mutum da ciwon.

Ciwon safiya kuwa ga dalilinsa. Idan mutum yana barci ƙafarsa takan saki, yatsu su karkata ƙasa, tantanin ya kwana a takure. Takun farko sai ya fizge shi lokaci guda da nauyin jiki gaba ɗaya. Haka yake faruwa bayan dogon zama. Saboda haka maganin da na fi ba muhimmanci yana farawa ne tun kina bakin gado, kafin ƙafarki ta taɓa ƙasa.

Ki zauna, ki ɗora ƙafar mai ciwo a kan gwiwar ɗaya ƙafar. Ki kama yatsun ƙafar daga gindinsu da hannunki, ki ja su baya wajen ƙwauri har sai kin ji tafin ƙafar ya miƙe. Da ɗaya hannun ki shafa tafin, za ki ji tantanin ya taso ya yi tauri a ƙarƙashin fata, alamar kin kama daidai ke nan. Ki riƙe na daƙiƙa 10, ki saki, ki maimaita sau 10. Ana yin haka sau uku a rana, na farko kafin takun farko, sauran kuma ya fi kyau su zo kafin ki miƙe daga dogon zama. Wannan tsari ya fito ne daga wani bincike da Dakta Benedict DiGiovanni da abokan aikinsa na Jami'ar Rochester a Amurka suka wallafa a 2003. Sun raba masu daɗaɗɗen ciwon dunduniya gida biyu, wasu suna wannan miƙar, wasu suna miƙa agara kawai. Bayan mako 8, waɗanda ke jan yatsu sun fi samun sauƙi, musamman a ciwon takun farko. Ja ne a hankali ake so, ba fizga ba. Idan kina cije baki, kin wuce gona da iri.

Duk da haka kada ki bar agara da sha-raɓa, domin idan suka ɗaure, idon sawu ba ya lanƙwasawa yadda ya kamata, sai tafin ƙafa ya ɗauki ragowar wahalar. Ki fuskanci bango ki dafa shi, ƙafar mai ciwo a baya, gwiwarta a miƙe, dunduniya manne da ƙasa, yatsu na kallon gaba. Ki karkata gaba har ki ji bayan ƙafar yana ja, ki tsaya daƙiƙa 30, sau uku. Sannan ki sake yi da gwiwar a ɗan lanƙwashe.

Bayan mako biyu ko uku, idan zafin ya ɗan lafa, sai ki ƙara da atisayen ƙarfafawa. Ki naɗe ƙaramin tawul ki ajiye a bakin matakala, ki ɗora yatsunki a kansa yadda za su ɗago sama, rabin ƙafar na gaba a kan matakalar, dunduniya tana rataye. Ki dafa wani abu. Ki ɗaga dunduniya a hankali cikin daƙiƙa 3, ki tsaya a sama daƙiƙa 2, ki sauko cikin daƙiƙa 3. Ki fara da ƙafa biyu, idan kin saba ki koma ɗaya. Sau 12 a jere, zagaye uku, kuma rana ɗaya a yi, rana ɗaya a huta, saboda a ranar hutun ne naman ke ginuwa. Michael Rathleff da abokan aikinsa a Denmak sun gwada wannan a kan mutum 48, aka wallafa sakamakon a 2015. A wata na uku masu ɗaga dunduniya sun fi masu miƙa kawai samun sauƙi, amma da shekara ta cika duk sun zo daidai. Wato yana gaggauta sauƙi ne. Ɗan ciwo lokacin atisayen ba laifi ba ne. Ma'auninki shi ne washegari da safe: idan takun farko ya fi na jiya zafi sosai, ki rage yawan da kike yi.

Sai takalmi, kuma a nan ne na fi ganin ana ɓata aikin da aka yi. Mutum zai sa takalmi mai kyau a wurin aiki, ya dawo gida ya cire, ya yi ta zirga-zirga ba takalmi a kan daɓe mai tauri har dare. Ki ajiye takalmi mai laushin ƙasa a gefen gado, ki zura shi da zarar kin gama miƙar safe, ko da banɗaki za ki. Silifas shafal mai siririn ƙasa ki daina sa shi a wannan lokaci. Wanda ya dace shi ne mai kaurin dunduniya, wanda bayansa ya ɗan fi gabansa tudu, mai tallafe tsakiyar tafin ƙafa, irin kambas na tafiya. Ki gwada shi da hannu: ya lanƙwashe a wajen yatsu kawai, idan ya naɗe a tsakiya bai yi ba. Akwai matashin dunduniya na roba mai laushi da ake sawa a cikin takalmi, da shimfiɗar ciki mai tallafi. Waɗanda ake sayarwa a shirye suna wadatar da yawancin mutane, ba sai an auna ƙafa an ƙera na musamman ba.

A aji, ki nemi kujera mai tsawo ki riƙa zama kina bayani a wasu lokutan, ki raba tsayuwar gida-gida. Ba na son ki kwanta ki daina tafiya, hakan raunana ƙafar yake yi. Dogon tattaki da gudu da tsalle ne za ki rage, ki maye su da keke ko ninƙaya idan da hali. Idan akwai ƙiba, rage ta na daga cikin abubuwan da suka fi taimakawa, ko da yake na san faɗa ya fi yi sauƙi ga wanda ƙafarsa ke ciwo. Da yamma ki sa gorar roba da ruwa a firiza ta daskare, ki naɗe ta da siririn ƙyalle, ki mirgina tafin ƙafarki a kanta minti 10 zuwa 15. Sauƙin ɗan lokaci ne, amma yana da daɗi bayan wunin tsayuwa. Mai ciwon suga da ƙafarsa ba ta ji sosai ya guji ƙanƙara.

Shan maganin ciwon jiki kullum da kika ambata ya dame ni fiye da tsiron ƙashin. Idan irin su ibufurofen ne ko dikilofenak, shansu wata da watanni yana iya jawo gyambon ciki, ya taɓa ƙoda, ya ɗaga hawan jini. Na 'yan kwanaki ne lokacin da ciwon ya tsananta, bayan an ci abinci, kuma mai olsa ko ciwon ƙoda ko juna biyu ba ta sha sai da izinin likita. Wanda ake shafawa a fata ya fi sauƙin illa, farasitamol ma yana rage zafin. Ki gaya wa likitanki ainihin abin da kike sha da tsawon lokacin da kika ɗauka kina sha.

Allurar da aka ba ki shawara ta sitiroyid ce, wato maganin rage kumburi mai ƙarfi. Tana aiki, amma sauƙinta yawanci na kimanin wata guda ne, bayan haka wanda aka yi wa da wanda ba a yi wa ba kusan ɗaya suke. Tana kuma da haɗari biyu, musamman idan aka maimaita: tantanin na iya tsinkewa, kuma kitsen da ke ƙarƙashin dunduniya, wanda shi ne matashin da aka halicce mu da shi, yana iya shanyewa, idan ya tafi kuwa da wuya ya dawo. A ganina wurinta shi ne ga wanda zafi ya hana shi ko fara atisaye, a yi sau ɗaya a hannun ƙwararre, ya yi amfani da sararin da ya samu ya kama aikin miƙa da ƙarfafawa. Ke ba ki gwada waɗannan ba tukuna, don haka ban ga dalilin gaggawa ba.

Ki shirya wa haƙuri, domin wannan nama ba ya warkewa da wuri. Kusan mutum 8 zuwa 9 cikin 10 suna samun sauƙi cikin shekara guda ba tare da tiyata ba, amma mako 6 zuwa 8 na farko canjin kaɗan-kaɗan yake zuwa, kuma a nan ne da yawa ke karaya su watsar. Kowace safiya ki ba ciwon takun farko maki daga 0 zuwa 10 ki rubuta. Wajen auna ci gaba, kada ki gwada yau da jiya, ki gwada wannan mako da na watan da ya wuce. Idan wata uku ya cika kina yi da gaske ba ki ga canji ba, ki ga likitan fisiyo, wato mai jinya ta hanyar gashi da motsa gaɓoɓi. Zai iya ɗaure tafin da filasta ta yadda za a rage masa ja, ko ya ba ki abin ɗaure ƙafa na dare da ke hana yatsu karkata ƙasa lokacin barci, ko a yi miki jinya da na'urar da ke aika bugun sauti mai ƙarfi cikin naman. Tiyata ba a zancenta sai an shafe wata 6 zuwa 12 ana duk wannan ba nasara, kuma ko a lokacin ma sassauta tantanin ake yi ko naman sha-raɓa.

Akwai alamun da idan kin ga ɗaya daga ciki, kada ki tsaya kan shawarar nan, ki je a duba ki da wuri. Idan tafin ƙafar yana mutuwa ko yana zugi da tsikari, mai yiwuwa jijiyar ji ce ta matse. Idan kika matse dunduniyar daga gefe da gefe kika ji zafi mai tsanani, ko ciwon yana ƙaruwa da kowane taku maimakon ya sake ki, ana zargin tsagewar ƙashi. Haka nan ciwon da ke tashe ki cikin dare kina kwance, ko kumburi da ja da zazzaɓi, ko jin wani abu ya tsinke farat ɗaya har taku ya gagara. Idan dunduniya biyu ne ke ciwo tare da sanƙarewar baya da safe ko kumburin wasu gaɓoɓi, a binciki cututtukan kumburin gaɓoɓi. Idan kuma kina da ciwon suga, ki bari likita ya duba ƙafar da idonsa kafin ki fara ko ɗaya daga cikin atisayen nan.